Waɗanda Suka Raira Zabura Cikin Hadiri

Akwai tambayar da ta daɗe tana bina cikin aikin kiwon ikkilisiya. Mutum biyu sukan zauna a benci ɗaya a majami'a shekara da shekaru, su ji wa'azi ɗaya, su ci jibin Ubangiji tare, amma ranar da likita ya faɗi magana mai nauyi, sai ka ga ɗaya ya rikice, ɗayan kuwa yana nan a natse. Daga ina wannan natsuwa take fitowa? Hali ne da ake haihuwar mutum da shi, ko kuwa abu ne da ake samu? Bari mu nemi amsa a cikin wani jirgin ruwa mai filafilai, wanda ya ƙetare Tekun Atilantika kusan shekara 300 da suka wuce.

Ranar 14 ga Oktoba 1735, wani limamin Ikkilisiyar Ingila mai shekara 32, John Wesley, ya shiga jirgin da ake kira Simmonds tare da ƙanensa Charles da abokansu biyu. Za su Jojiya ne a Amurka, domin aikin bishara. A zamanin nan jirgi ba shi da inji, iska ce take tura shi. In ta busa daga inda ake so, a ci gaba, in ta juya, a zauna jira. Haka suka yi ta jira a gaɓar Ingila har 10 ga Disamba, sa'an nan suka kama hanyar teku, ba su saki anka a bakin Kogin Sabana ba sai 5 ga Fabrairu 1736. Ka kwatanta a ranka: mako 8 cikin gidan katako mai tangaɗi dare da rana, ba kasuwa, ba rijiya, ba wurin da mutum zai kauce wa maƙwabcinsa. Abin da aka ɗora a tasha shi za a ci, ruwan da aka zuba a ganga shi za a sha.

Wesley ya rubuta yadda suka tsara yininsu. Ƙarfe 4 na asuba suke tashi, kowa ya yi addu'a shi kaɗai har ƙarfe 5. Daga nan su karanta Littafi Mai Tsarki tare har 7, su karya kumallo, ƙarfe 8 a yi addu'ar jama'a. Daga 9 zuwa 12 Wesley yana koyon Jamusanci, ƙanensa yana rubuta wa'azi, abokinsu ɗaya yana koyar da yara. Da tsakar rana su taru, kowa ya ba da lissafin abin da ya yi. Da yamma a sāke addu'a, a karanta wa fasinjoji, ba a kwanciya sai tsakanin 9 da 10. Har nama da ruwan inabi suka bari, suka koma ga shinkafa da busasshiyar gurasa. Wane fasto ne ba zai so irin waɗannan a ikkilisiyarsa ba?

A cikin jirgin kuma akwai Jamusawa 26, 'yan ikkilisiyar Morabiya, maza da mata da yara, tare da bishop ɗinsu David Nitschmann. Domin ya iya magana da su ne Wesley ya dage da koyon harshensu. Abin da ya ba shi mamaki game da su shi ne, ayyukan ƙasƙanci da fasinjojin Ingila suka ƙi taɓawa, su ne suke yi wa mutane, ba su kuwa karɓar lada. Dalilinsu shi ne, irin wannan aiki magani ne ga zuciya mai girmankai, Mai Cetonsu kuma ya yi musu abin da ya fi haka. In aka ture ɗayansu ko aka buge shi ya fāɗi, sai ya tashi ya yi tafiyarsa, ba a jin ƙara daga bakinsa.

Cikin watan Janairu hadiri ya yi ta tasowa. Wesley ya bincika zuciyarsa, ya tarar ba ya shirye ya mutu, abin kuwa ya ba shi kunya. Ranar Lahadi 25 ga wata, hadiri na uku ya taso da tsakar rana, ya fi na baya tsanani. Da ƙarfe 7 na dare ya tafi wurin sujadar Jamusawan. Suna cikin raira zaburar buɗe sujada, sai raƙumin ruwa ya faɗo wa jirgin, ya kekketa babban filafili, ruwa ya kwararo ciki kamar teku ta riga ta haɗiye su. Ingilawa suka ɓarke da kururuwa. Jamusawa suka ci gaba da waƙarsu. Bayan haka Wesley ya tambayi ɗayansu ko ya ji tsoro, ya ce bai ji ba, ya gode wa Allah. Ya sāke tambaya game da mata da yara, mutumin ya amsa da taushin murya cewa su ma ba sa tsoron mutuwa.

To, ɗan'uwa, a nan tambayarmu take. Da yawan ibada ce take korar tsoro, da Wesley ya fi kowa natsuwa a daren nan. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, shi kuwa ya daɗe yana fafe tasa. Me ya rage masa? Kwana biyu bayan isarsu, wani shugaban Morabiyawa, August Spangenberg, ya tambaye shi ko ya san Yesu Almasihu ya cece shi, shi kansa. Wesley ya amsa da baki, amma ya rubuta daga baya cewa yana tsoron maganar banza ya yi. Ashe dukan horon nan yana yinsa ne kamar mai biyan bashi. Mai bashi kuwa ba ya son a kira shi wurin lissafi, domin ya san bai gama biya ba. Morabiyawa suna hidima ne kamar 'ya'yan da aka riga aka karɓa a gida. Wanda ya tabbata an karɓe shi, ɗaukar abin ƙyama domin ɗan'uwansa ba ya rage masa daraja, mutuwa kuma komawa gida ce a gare shi. Tawali'unsu na kowace safiya da natsuwarsu ta daren hadiri, saiwarsu ɗaya.

Mai yiwuwa ka ce, “Ashe duk mai jin tsoro ba shi da bangaskiya ke nan?” Kada ka yanke wa kanka wannan hukunci. Ubangijinmu kansa ya yi baƙin ciki mai tsanani a Getsamani. Almajiran da suka firgita a Tekun Galili, a cikin Markus sura 4, ya tsauta musu, amma bai yashe su ba, ya kuwa kwantar da iskar domin su. Jiki yakan yi rawa, wannan halin ɗan adam ne. Abin dubawa shi ne wurin da zuciya take gudu sa'ad da jiki yake rawa. Kada kuma ka ce horon kai banza ne. Zaburar da aka raira cikin hadiri, a ranakun kwanciyar iska aka koye ta. Wesley bai bar tashin asuba ba har tsufansa. Abin da ya sāke shi ne dalilin tashin, bayan da ya sami tabbacin gafara a wani taro a titin Aldersgate na Landan, ranar 24 ga Mayu 1738.

Na zauna a bakin gadon masu bi da yawa a sa'arsu ta ƙarshe. Sau da yawa waɗanda suka tafi da salama su ne waɗanda ba a cika jin sunansu a sanarwa ba: uwar da take share majami'a kowace Asabar, dattijon da yake wanke miyakun maƙwabcinsa, matar da aka zaga a taron zumunta ta koma gida ba ta rama ba. Saboda haka kada ka jira hadiri kafin ka san matsayinka. Gidanka da wurin aikinka su ne jirginka, tare da mutanen da ba kai ka zaɓe su ba. Ka dubi yadda kake ji in aka ba ka aikin da kake gani ya yi maka ƙanƙanta, ko in aka manta da gode maka. In zuciyarka ta tafasa, wataƙila har yanzu lada kake nema wurin Allah. Ka koma ga gicciye tun iska tana kwance, ka karɓi abin da aka riga aka biya dominka, sa'an nan ka ɗauki tsintsiya.

Ya Uba, ka ba mu tabbacin cewa mu naka ne cikin Yesu Almasihu, domin mu yi hidima ba da gunaguni ba, mu kuma yabe ka ranar da ruwa ya shigo jirginmu. Amin.