Mayar Wa Gona Rabonta



Kowace kaka, mu mazauna Dawaki mukan ga motoci suna shigowa Gombe daga gonakin Akko da Kwami, ɗauke da buhunan wake da dammunan harawa. Mun kwashe ƙwaya, mun kwashe kara da ganye. Damina ta kewayo, masara ta yi rawaya, wuta-wuta ta rufe dawa, sai mu ce gona ta gaji. To, me muka bar mata?

A Littafin Firistoci sura 25, Ubangiji ya umarci Isra'ilawa su bar ƙasa ta huta kowace shekara ta bakwai, ya kuma tuna musu cewa ƙasar tasa ce, su baƙi ne a cikinta. Ashe gona amana ce, za mu kuwa ba da lissafinta.

Allah cikin hikimarsa ya tanada wa ƙasa magani. Tuge wake, ko gyaɗa, ko waken soya, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta masu jawo sinadarin naitirojin daga iska, wanda shi ne kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Shi muke saya a buhun Yuriya, wanda tsadarsa ta gigita manoma a 2022. Saiwar kuma tana zuƙo fosfaras da fotasiyam daga ƙasa ta kai su ganye. Idan aka binne shukar da garma tana ɗanya, lokacin da ta fara fure, sai ta ruɓe ta saki abincin nan ga amfanin da zai biyo baya. In kuwa aka kwashe kome, yawancinsa ya bar gonar ke nan.

Na san harawa kuɗi ce, tumaki kuma suna jira. Ban ce a binne gona duka ba. Keɓe yanki ɗaya bana, wani yankin baɗi, takin dabbobin kuma a mayar da shi gona.

Ubangijinmu Yesu, a Yohanna 12:24, ya koya mana cewa sai ƙwaya ta mutu a ƙasa take ba da 'ya'ya masu yawa. Iyaye, kada mu cinye gādon 'ya'yanmu tun ba su girma ba.

Ubangiji ya sa mu zama amintattun masu riƙo. Amin.