Rinjaye Jarrabawa Ce

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, ku sani Allah yana jarraba bawa da samu kamar yadda yake jarraba shi da rashi, kuma sau da yawa ta samu ta fi wuyar ci. A yaƙin Hunaini, shekara ta 8 bayan Hijira, Musulmi sun fita su 12,000, yawansu ya ƙayatar da su, sai aka tarwatsa su da farko, kafin Allah ya saukar da natsuwa ga ManzonSa da muminai. Suratut Tauba ta ajiye mana wannan labari don kada wani ya dogara ga yawan mabiya.

To, mu duba abin da ya faru a gidanmu. Ranar 6 ga watan Agusta 1983, Alhaji Shehu Shagari, ɗan Jihar Sakkwato, ya sake lashe zaɓen shugaban ƙasa da ƙuri'u sama da miliyan 12. Bayan mako guda aka yi na gwamnoni, guguwar ta bi ta kan jihohi. Jam'iyyar NPN ta karɓe Kaduna daga PRP, ta karɓe Barno da Gwangola waɗanda GNPP ta ci a 1979, a Sakkwato kuma Dokta Garba Nadama ya koma kujerarsa. 'Yan hamayya suka yi ta kukan maguɗi. Aka rantsar da gwamnati ranar 1 ga Oktoba, ranar 31 ga Disamba soja suka kifar da ita. Wata uku ke nan. Haka kuma a 2015, nasarar Janar Muhammadu Buhari ta ja Kabi da Katsina da Kaduna da Jigawa zuwa APC, amma a 2018 gwamnan Sakkwato, Aminu Waziri Tambuwal, ya koma PDP. Allah shi ke jujjuya kwanaki tsakanin mutane.

Dalilin wannan guguwa a fili yake. Mutane suna son inuwa, idan suka ga inda mulki ya karkata sai su kwarara can. Haɗarin kuwa shi ne, ranar da kowa ya shiga gida ɗaya, masu gaya wa shugaba gaskiya sun ragu, 'yan amshin Shata sun yawaita.

Saboda haka wanda Allah ya ba rinjaye ya yi koyi da Manzon Allah, wanda ya shiga Makka ran buɗe ta kansa a sunkuye, ya yafe wa waɗanda suka kore shi. Ya riƙe shawara, kada ya hana wani gari rijiya ko asibiti don bai zaɓe shi ba, domin Mujaddadi Shehu Usmanu ya gargaɗe mu cewa zalunci ke rushe mulki. Mai shirin sauya sheƙa kuma ya binciki niyyarsa. Ya tabbata a hadisin Buhari da Muslim cewa wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika, in an hana shi ya warware, yana cikin mutum uku da Allah ba zai yi magana da su ba ranar Alƙiyama. Wanda ya faɗi kuwa, nasiha tana nan a wuyansa, ba tare da zagi ko tada fitina ba.

Allah ya ba shugabanninmu mashawarta na gari, ya sa mu gama lafiya, amin. Wassalamu alaikum.