Iyakar Gyara: Abin da Zanen Bode Ke Nunawa Game da Matsakaici

Duk na'urar da ke sarrafa kanta aiki uku take yi: ta auna halin da take ciki, ta gwada shi da inda ake so ta tsaya, sannan ta gyara bambancin. Da haka janareta ke riƙe ƙarfin wutarsa, da haka kuma jirgin sama ke riƙe tsayinsa a sararin samaniya. Daga nan wata tambaya ke tasowa wadda ta shafi falsafa kamar yadda ta shafi injiniyanci: tunda gyara abu ne mai kyau, me zai hana a ƙara masa ƙarfi iya iyawa? Amsar lissafi ita ce gyara yana da iyaka, kuma jinkiri ne ke shata ta.

Matsalar ta daɗe. A 1788 James Watt ya ɗora wa injin tururinsa wata na'ura mai ƙwallaye biyu masu juyawa, waɗanda ke buɗewa su rage tururi idan injin ya cika sauri. Daga baya aka lura cewa wasu injunan ba sa natsuwa, sai su yi ta hawa da sauka. A 1868 James Clerk Maxwell ya bayyana dalilin da lissafi. A Amurka, a ɗakunan binciken Bell, Harold Black ya ƙirƙiro amfilifaya mai mayar da wani kaso na abin da ta fitar domin gyara kanta a 1927, Harry Nyquist ya kafa ƙa'idar gane natsuwarta a 1932, Hendrik Bode kuma ya tattara hanyar zanensa a littafinsa na 1945.

Ga yadda gwajin da ke samar da zanen yake. Ana tura wa na'urar sigina mai hawa da sauka, a fara a hankali, a riƙa ƙara sauri. A kowane mataki ana auna abu biyu: ninki nawa siginar ta fito, da kuma yawan makarar da ta yi. Makarar ana auna ta da digiri, inda zagaye ɗaya cikakke yake digiri 360. Zanen Bode layi biyu ne, na ninki a sama, na makara a ƙasa. Wurin haɗari shi ne digiri 180, wato rabin zagaye, domin a nan gyaran yana isowa ne bayan kuskuren ya riga ya juya ɗaya ɓangaren, sai ya ƙara ingiza shi. Direban da sitiyarinsa ke da wasa ya san wannan: mota ta karkata hagu, ya murɗa dama, ba ta amsa nan take ba, ya ƙara murɗawa, sai ta kwasa dama gaba ɗaya. A yawancin na'urori, idan ninkin ya kai ɗaya ko ya wuce a wannan wuri, kaɗawar ba za ta lafa ba.

Saboda haka injiniyoyi ke auna sarari iri biyu. Idan a digiri 180 ninkin 0.5 ne, ana iya ruɓanya ƙarfin gyara sau biyu kafin a kai bakin rami, abin da ake rubutawa desibel 6. Idan kuma a inda ninkin yake ɗaya daidai makarar digiri 135 ce, saura digiri 45. Galibi ana neman aƙalla desibel 6, da digiri 30 zuwa 60.

Abu na farko da wannan ke nunawa shi ne kyakkyawar niyya ba ta wadatar ba. A ranar 26 ga Oktoba 1977, a gwajin saukar kumbon Enterprise a sansanin Edwards da ke Kalifoniya, kumbon ya shiga tangal-tangal daf da taɓa ƙasa. Matuƙin gyara yake yi, amma jinkirin da ke tsakanin hannunsa da amsawar kumbon ya mayar da gyaran abin da ke rura matsalar. Mai gyara kullum yana aiki ne da labarin abin da ya riga ya wuce, kuma gwargwadon tsufan labarin, gwargwadon sassaucin da ya wajaba a kansa.

Na biyu ya shafi ma'anar matsakaici. Aristotle ya sanya nagarta tsakanin wuce gona da iri da gazawa, Imam Gazali ma a littafinsa Ihya'u ya bayyana kyakkyawan hali a matsayin daidaito tsakanin ifraɗi da tafriɗi. Na'ura ta gaskata cewa iyakokin biyu ne: gyara mai rauni yana barin kuskure a zaune, kuma jirgi irin X-29, wanda aka ƙera ba ya iya tsayuwa da kansa, zai kife idan ƙarfin gyara ya yi ƙasa. Sai dai matsakaicin ba rabin hanya ba ne. Ƙarfin da ya dace da wannan na'ura yana iya wargaza waccan, don haka sai an auna kowace a kan yanayinta. Shi ma Aristotle ya ce matsakaici yana bambanta daga mutum zuwa mutum.

Na uku, Bode ya tabbatar da cewa a yawancin irin waɗannan na'urori, duk kuskuren da aka danne a wani mataki na sauri sai ya ƙaru a wani. Mai tsarawa ba ya kawar da rauni baki ɗaya, yana zaɓar inda zai ajiye shi ne.

Kwatancen yana da inda ya tsaya. Zanen yana faɗin ko na'ura za ta natsu a kan manufar da aka ba ta, amma bai san ko manufar alheri ce ko sharri ba, domin lissafin da ke saukar da jirgin fasinja lafiya shi ne ke saita makami mai linzami. Auna iyakar gyara aikin lissafi ne, zaɓen abin da ya cancanci a gyara zuwa gare shi kuwa yana hannun addini da ilimin ɗa'a.