MATARKA TA KWANTA DA CIWON DAJI: JINYARTA A WUYAN WA TAKE?



Akwai wata magana da ke yawo a bakin maza, a majalisa da teburin mai shayi, duk lokacin da aka ce matar wane ta kwanta doguwar jinya. Sai ka ji wani ya gyara zama ya ce: "Ai a shari'a ma maganin mace ba ya kan miji, na iyayenta ne." Ana faɗarta a Gumel, ana faɗarta a Maigatari, an kuma sha turo mini ita a matsayin tambaya daga Gagarawa da Sule Tankarkar. An fi ɗauko ta idan ciwon na daji ne, wato sankara, kuma ya riga ya yi nisa. Yau ina so mu duba wannan magana da adalci, domin akwai gidajen da a kanta aure yake tsayawa ko ya rushe.

Bari mu fara sanin girman abin, don wanda bai taɓa irin wannan jinya ba yana ɗauka kamar zazzaɓi ne, a sha magani kwana uku a miƙe. Ɗauki mace a wani ƙauye na Sule Tankarkar da ta ji kullutu a mamanta. Kunya ta sa ta yi shiru wata da watanni, ana ta jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Sai da wurin ya fashe aka kai ta Babban Asibitin Gumel, daga nan aka tura su Dutse ko Kano, kuma tsakanin Gumel da Kano kusan kilomita 120 ne. Za a ciri ɗan nama a auna, a jira sakamako. In an fara kemo, yawanci duk bayan mako uku ake komawa, sau shida ko takwas, kuma kafin kowane zagaye sai an auna jini. In ya yi ƙasa a ɗaga ranar, ko a ce a nemo mai ba da jini. Maganin yana kai hari ne kan ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, shi ya sa ba ya ƙyale na suma da na cikin baki da na ɓargo. Suma ta zube, baki ya yi gyambo, amai ya hana abinci zama, garkuwar jiki ta sauka har ɗan zazzaɓi ya zama abin da dole a ruga asibiti a daren. In kuma likita ya ce sai an yi gashi da na'ura, to wannan kwana biyar ne a mako har tsawon makonni, a garin da na'urar take, kamar Shika ta Zariya ko Abuja. Wannan ɗawainiyar ce ake tambaya a wuyan wa take.

To, mai waccan magana bai ƙago ta daga kansa ba. Gaskiya ne mafi yawan malaman mazhabobi huɗu, da suka zo lissafa abin da alƙali zai tilasta wa miji, sun kawo ci da sha da sutura da muhalli, ba su sa kuɗin magani da ladan likita ba. Haka yake a Mukhtasar na Shehu Khalil da ake karantawa a zaurukanmu. Sai dai ko a cikin mazhabarmu ta Malikiyya an ruwaito daga Ibn Abdil Hakam cewa ladan likita da magani suna kan miji. Sannan ciyarwa aba ce da shari'a ta jingina da al'ada da buƙatar zamani. A lokacin waɗancan malamai magani ƙaho ne da 'yan saiwoyi, wanda ake iya warkewa ko an yi ko ba a yi ba. Shi ya sa Shehu Wahba Zuhaili, malamin Sham da ya rasu a 2015, ya tafi a kan cewa a yau buƙatar magani ta kai ta abinci, don haka yana cikin ciyarwar da ta wajaba. Masar ta sa kuɗin magani cikin ciyarwa a dokarta ta 1985, Maroko kuma, ƙasar Malikawa irinmu, ta sa shi a dokar iyali ta 2004. Ni ma wannan fahimta ce ta fi kwanta mini.

Amma mu ƙaddara alƙali ba zai tilasta maka ba. Shi ke nan ka fita? Ɗan uwa, abin da kotu take iya ƙwata shi ne mafi ƙarancin haƙƙi, wanda aka ajiye domin ranar rigima. Babu wanda yake gina zaman aure a kansa. Matar nan shekara 20 tana daka, tana ɗebo ruwa, tana wanke maka kaya, ta yi jinyar mahaifiyarka har ta koma ga Allah, ba ta taɓa buɗe littafi ta duba wanne ne wajibi a kanta wanne ne kyautatawa ba. Kai kuwa ranar da ta kwanta ka zama malamin fiƙihu. Allah Ya umarce mu a Suratun Nisa'i da mu zauna da mata da kyautatawa, kuma ban san wata al'umma da za ta kira wannan kyautatawa ba: ka more lafiyarta, ka mayar wa tsohonta da ciwonta.

Ga abin da ya faru a gidan Manzon Allah (SAW). A Ramadan na shekara ta 2 bayan Hijira aka fita Badar, sahabbai 300 da 'yan kai, a ranar da kowane takobi ake bukatarsa. Nana Ruƙayya, 'yar Annabi (SAW) kuma matar Sayyidina Usman ɗan Affan (RA), tana kwance ba lafiya. Aka bar Usman a Madina ya yi jinyarta, aka kuma ba shi tabbacin lada da rabon ganima irin na wanda ya halarci yaƙin. Shekaru bayan haka wani mutum daga Masar ya zo yana neman aibata Usman da rashin zuwa Badar, Abdullahi ɗan Umar (RA) ya warware masa dalilin. Ashe gorin da ake yi wa mai jinyar matarsa, a ce ya zama mijin-ta-ce, ya tare a gindin mace, tsohon gori ne.

Ku lura da abu guda a wannan ƙissa. Nana Ruƙayya ba ta tashi ba. Zaidu ɗan Harisa ya iso Madina da albishir ɗin nasara ana cikin binne ta. Jinyar ba ta hana ajali ba, kuma ba a rage wa Usman komai a ladansa ba. Wannan ita ce amsata ga mai cewa "ciwon nan ba a tashi, asarar kuɗi ce da lokaci". Ba a ɗora maka warkarwa ba, wannan na Allah ne. An ɗora maka kada ta shiga wannan wahala ita kaɗai. In Badar ba ta fi ƙarfin a bar ta saboda jinyar mace ba, kasuwar Alhamis ta Maigatari da gonar riɗi ba za su fi ƙarfi ba.

Kar a ce ina ƙara gishiri. Likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun bi diddigin matan aure 81 da aka cire wa mama saboda sankara, suka wallafa sakamakon a 2010. Bayan shekara uku, kashi 38 cikin ɗari nasu an sake su ko sun rabu da mazajensu. 'Ya'yanmu ne da ƙannenmu, a ƙasar da masallatai suke cika kowace asuba. Mace da ta san wannan, yaya za a yi ta ji kullutu ta faɗa da wuri? Ɓoyon da yake sa a makara zuwa asibiti, wani ɓangare nasa mu maza muka haifar da shi.

Adalci kuma ya sa in ce ba duk wanda ya kai matarsa gida jinya ne ya yar da ita ba. Wata ita ce take so, domin hannun uwa da na 'yar uwa ya fi mata sauƙi wajen wanka da wankin ciwo. Ma'aunin mai sauƙi ne: ita ta zaɓa ko tura ta aka yi? Kuma bayan ta tafi, ƙafarka da aljihunka sun bi ta, ko sai dai saƙon "ya mai jiki" ta waya? Haka talakan da ya sayar da akuyarsa da buhun geronsa har ya ƙare, Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Amma ko shi yana da abin bayarwa. Ya raka ta asibiti, ya riƙe mata kati, ya ba da jininsa in ya dace, ya ci abinci tare da ita a kwano ɗaya don ta san ba a ƙyamarta, domin sankara ba a ɗaukarta ta cuɗanya. Ya kuma tambayi ofishin walwala na asibiti ko akwai tallafi. Tun 2021 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun taimaka wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta maza, kuma asibitin Zariya na cikin waɗanda aka fara da su. Neman taimako don jinyar iyali ba zubar da girma ba ne.

Akwai wuri mai wuya da ba na so in tsallake. Wani lokaci ciwon ya bazu, kuɗi sun ƙare, ga yara suna jiran abinci, ita kuma kowane zagayen kemo yana ƙara kayar da ita. A ci gaba ko a tsaya? Ka tambayi likita kai tsaye: wannan magani ana sa ran ya warkar ne, ko don ya tsawaita kwana ya rage raɗaɗi? Sannan ka koma ka zauna da mai jikin. Mun saba a rufe mara lafiya, dangi su yanke hukunci a zaure ita tana ɗaki, alhali abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta tabbatar da cewa ana buƙatar izinin mara lafiya mai cikakken hankali kafin a yi masa magani. Jikinta ne. Ba ka da ikon hana a yi mata aikin da take so don kana jin ƙyashin abin da za a cire, ba ka kuma da ikon tilasta mata azabar da likita ya ce ba ta da sauran amfani. A faɗa mata da taushi, gwargwadon yadda take son ji, domin tana da wasiyya, tana da bashi, tana da waɗanda take son yafiya tsakaninta da su. In ta zaɓi a tsaya, ba ta yi zunubi ba, kuma jinya ba ta ƙare ba. Maganin rage raɗaɗi, tsafta, juya ta a shimfiɗa don kada baya ya yi gyambo, karanta mata Alƙur'ani, duk suna nan har numfashin ƙarshe.

Ke kuma 'yar uwa da mijinki ne a kwance, na san ku ba a cika tambayar ko wajibi ne a kanku ba, yi kawai kuke. Ki sani gajiyar da kike ji da kukan da kike ɓoyewa a bayan ɗaki ba raunin imani ba ne. Laifin yana kan dangin da suke zuwa dubiya su cika tabarma, a dafa musu, su tashi ba wanda ya ce "je ki kwanta, yau ni zan kwana da shi". Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A raba kwanakin jinya tsakanin 'yan uwa kamar yadda ake raba aikin gayya. Mai mata biyu ya sani mara lafiya ba ta rasa kwananta don ba ta iya girki, kuma in yana son ƙarin kwana a wurinta ya roƙi abokiyar zamanta, kamar yadda Annabi (SAW) ya nemi izinin matansa kafin a yi jinyarsa a ɗakin Nana A'isha (RA). Malamanmu ma sun lissafa jinyar wanda ba shi da mai kula da shi cikin uzurin da ke ɗauke zuwa Juma'a. Addini ya sauƙaƙa wa mai jinya, mu kada mu tsananta masa.

Ɗan uwa, yau ita ce a kan gado, gobe ba ka san wanda zai kwanta ba. Ka yi mata abin da kake so a yi wa 'yarka in ta kwanta a gidan wani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi, Ya ƙarfafi masu jinya, Ya buɗa musu ta inda ba su zata ba. Waɗanda suka riga mu, Allah Ya jiƙansu da rahama. Wallahu a'alam.