Yaro Ya Ƙi Tuwo: Ɗura ko Lallashi?

Ga wata tambaya da ta shafi kowane gida a ƙasar Damagaram. Uwa ta daka gero, ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka. Yaro ya duba, ya kau da kai, ya ce shi ƙosai yake so. To, me ya kamata a yi masa?

Wasu sun ce a matsa masa. In ya yi wayo, a ɗauko tsumagiya. In ƙarami ne, a danne shi a cinya, a toshe masa hanci, a yi masa ɗura da kunu. Hujjarsu ita ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sun ce gidan talaka ba a zaɓen abinci, kuma lallashi yana shagwaɓa yaro.

Akwai gaskiya cikin maganarsu. Yaro bai san abin da ke gina jikinsa ba. In an bar shi da son ransa, sai ya wuni kan alewa da rake. Amma ɗura tana da hatsari. Kunu yana iya bin hanyar numfashi ya sauka cikin huhu, yaro ya shaƙe ko ya kwanta ciwo. Kuma wanda aka ba shi zogale da bulala, da wuya ya so zogale ko ya girma.

Mu tuna abin da muka gani da idonmu. A shekarar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta faɗa wa gonaki. A 2005 tamowa ta kama yara a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar cikin wannan shekara. Da yawansu sun warke ne da wani abinci na cikin leda, Plumpy'Nut. Gyaɗa ce aka niƙa da garin madara da sukari da mai, aka ƙara mata sinadarai. Yara suna tsotsarsa da kansu, ba wanda ya toshe musu hanci, don yana da daɗi. Ashe abinci komai amfaninsa, sai ya shiga ciki yake aiki.

Wancan magani ne na marasa lafiya, amma dabarar kowa yana iya ɗauka. Gyaɗa muna noma ta a Magarya da Matamai. Ganye da kabewa da tumatir suna fitowa daga garaken Mirya. Uwa ta dama kunun gero da kauri, ta zuba tunkuza ko garin wake. Zogalen da yaro ya ƙi cikin miya, a kwaɗanta masa da ƙuliƙuli, ko a sa cikin dambu. Mai son zaƙi a dafa masa kabewa ko dankali. A ba shi ƙwai, ƙwai ba ya sa yaro sata.

Cikin yaro ƙarami ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla har wata 6. Daga nan a fara ba shi abinci sau 2 ko 3 a wuni, in ya kai wata 9 sau 3 ko 4, ana ci gaba da ba shi nono. A zuba masa cikin ɗan kwanonsa, kada yayyensa su cinye yana kallo. In ya ƙi sabon abu yau, a sake gwadawa gobe, ko sau 10 ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Maigida, da kai ma ake. In kana yamutsa fuska ga miyar ganye, ka fita ka ci tsire kai kaɗai, ɗanka yana gani. Abin da ya ga kana ci da marmari, shi zai miƙa wa hannu.

Sai dai a lura, ƙin ci wani lokaci ciwo ne. Zazzaɓin sauro da zawo da tsutsar ciki duk suna kashe sha'awar abinci. In yaro yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, a kai shi likita a auna damtsensa, kada a jira.

Shagwaɓa ita ce yaro ya yi kuka a ture tuwo a saya masa alewa. Wanda ya zaɓi abin da ke da amfani, ya gyara shi ya yi daɗi, ya zauna da haƙuri har yaro ya ci, wannan tarbiyya ya yi. Yaro amana ne a hannunmu, kuma ba shi da ƙarfin kare kansa daga gare mu. Don haka haƙurin yana wuyan babba. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.