Tawakkali da Tayar Mota: Wa Ke da Ikon Dogara a Madadin Wani?

Harkokin mutanen Sabon Birni da sauran garuruwan Gwarzo da Kabo, na kasuwa da asibiti da makaranta, a ɗaure suke da titin da ya taso daga Kano ya ratsa Rimin Gado da Gwarzo ya nufi Dayi ta jihar Katsina, kuma duk motar da ke bin sa, komai yawan buhunan masara da fasinjojin da ta ɗauka, a kan tayoyinta kaɗai take tsaye. Idan ɗayarsu ta fashe ana cikin gudu aka rasa rai, abin da ake faɗa a zaman makoki shi ne ƙaddara ta riga fata, kuma babu musulmin da zai musa haka. Tambayar ita ce ko imani da ƙaddara yana sauke wa wanda ya zaɓi tayar nauyin zaɓinsa.

Malamai sun bambanta tawakkali, wato dogaron zuciya ga Allah, da sakaci, wato barin sababin da aka hore wa bawa. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara; haka nan Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham sa'ad da ya ji labarin annoba, yana ganin juyawar ma ƙaddara ce. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa sabubba gida uku a cikin Ihya'u Ulumiddin: tabbatattu, da waɗanda zato ya rinjaya a kansu, da waɗanda wahami ne kawai, ya kuma nuna cewa riƙo da na biyun ba ya warware tawakkali. Lafiyar taya tana cikin wannan kaso na biyu, domin sabuwa ma takan fashe, amma rinjayen zato yana tare da ita.

Sanin wannan sababi kuwa ba ɓoyayye ba ne, tunda a jikin tayar aka rubuta shi. Lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 na 2019, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin cewa wa'adin taya shekara 4 ne daga ƙerawa, saboda roba takan bushe ta tsattsage ko da zanenta bai suɗe ba. Akwai kuma lambar da ke bayyana iyakar nauyin da za ta ɗauka, da harafin iyakar gudu, da darajar jure zafi, A ko B ko C, wadda ta fi kome muhimmanci a ƙasar da zafin Afrilu yakan haura digiri 40 kwalta ta ɗau wuta. Wasu daga cikin tayoyin gwanjo da ake shigowa da su don ƙanƙarar Turai aka yi su, robarsu mai laushi ce, bazarar Kano tana cinye ta da wuri.

Sai dai adalci ne a faɗi abin da ya tura direba ga gwanjo. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, kusan duk tayar da ke ƙasar daga waje take zuwa, farashinta yana hawa tare da dala, kuma hanin da gwamnati ta yi na shigo da tsofaffin tayoyi bai hana su cika kasuwa ba. Direban da ke kai wa mai mota balas kullum ba mugunta ce ta hana shi sabuwa ba, kuma shari'a ba ta ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa.

Amma uzurin talauci yana da iyaka, kuma a nan ne hujjar mai fakewa da ƙaddara take karyewa. Tawakkali hali ne na zuciyar mutum game da abin da ya shafe shi. Mai tafiya shi kaɗai yana iya cewa ya yarda da kasada, alhali direban haya ba ransa kaɗai ya ɗauko ba, kuma tsohuwar da ta biya kuɗin mota daga Getso ba ta duba tayar ba, ba ta kuma wakilta shi ya dogara a madadinta ba. Abin da ke tsakaninsu amana ce, kiyaye rai kuma yana cikin manufofi 5 da malaman usulu suka ce shari'a ta zo domin tsare su. Bugu da ƙari, yawancin sabubban ba kuɗi suke ci ba: karanta shekarar taya, da sa mai faci ya auna iska daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, da rage lodi, da sassauta gudu da tsakar rana. Ƙarancin iska yana sa gefen taya ya riƙa lanƙwasa har ya yi zafi ya fashe, yawanta kuma, wanda wasu ke yi don lodi, yana rage wurin da take kama kwalta.

Mai sayarwa ma yana da nasa kaso. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan wannan yanki, ta hana algus da ɓoye aibin kaya, kuma fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye damar mayar da abin da aka rufe masa aibinsa. Wanda ya shafe taya da baƙi don ta yi ƙyalli, ko ya sake yanka mata zane, ko ya kankare shekararta, ya hana mai saye ilimin da zai gina zaɓinsa a kai, saboda haka wani ɓangare na alhakin fasinjojin da bai taɓa gani ba yana wuyansa.