Wa Ya Kamata Ya Riƙe Lalitar Binciken Noma?

Da yawa daga irin masara da auduga da ake shukawa a Funtuwa da Malumfashi, daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka fito, wadda ta faro a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Kuɗin aikinta kuwa galibi daga gwamnatin tarayya da masu tallafi na waje suke zuwa.

To, daidai ne lalitar ta zauna can sama? Akwai hujja. Fitar da sabon iri kan ci shekaru, ƙaramar hukuma ba za ta iya ɗaukar masana da ɗakunan gwaji ba. In aka gutsuttsura kuɗin, ba wanda nasa zai isa.

Sai dai fa mai kuɗi shi ke zaɓar abin da za a bincika. Zamanin Turawa an ba auduga ƙarfi saboda masaƙun Ingila. A 1975 shirin noma na Funtuwa ya zo da tallafin Bankin Duniya, taki da masara suka yaɗu. Amma ke mai fama da ƙwari a buhun wake, wa ya nemi shawararki? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

A ganina, manyan kayan aiki su zauna a cibiya, amma a ware wani kaso wanda manoma, har da ƙungiyoyin mata, za su faɗi abin da za a yi da shi. Dukiyar jama'a amana ce, addininmu kuma ya hore mu da shawara. Ki kai wannan magana taronku na gaba.

Allah ya sa mu dace, amin.